"Zo mu zauna, zo mu saɓa": gargaɗi ne ko ban haƙuri?

Ɗan Mabera: Salamu alaikum. Jiya a majalisarmu ana hirar zaman da malamai kan yi da limaman coci, sai wani dattijo ya kaɗa kai ya ce, "Zo mu zauna, zo mu saɓa." Ni na ɗauka nufinsa kowa ya tsaya inda yake, cuɗanyar ce ke jawo rigima. Haka take?

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka juya ta baibai. Duba lokacin da ake faɗinta. Ba a faɗa wa amarya ranar kai ta ɗaki, sai ta yi yaji an zo biko. Maganar sulhu ce. Ita da "tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa" uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ban taɓa ganin wanda ya cire haƙori don ya ciji harshensa ba.

Baban Gawon Nama: Hajiya, na yarda, amma kar mu shafa wa komai wanga karin magana. Abin da munka gani nan Sakkwato a watan Mayun 2022, da anka kashe wata ɗaliba Kirista bisa zargin ɓatanci ga Annabi, gari ya rikice har gwamnan lokacin, Tambuwal, ya sa dokar hana fita ta awa 24, ba cizon harshe ba ne. Rai anka rasa. Wanda ya kira shi "saɓani" ya raina shi.

Mai Kayan Mota: Baba, gaskiyarka. Amma ga nawa. Shagona a Emir Yahaya jikin na wani Kirista yake, shekara tara. Mun yi faɗa kan hayaƙin janareta, mun yi kan ƙwace ciniki, har mun yi wata guda ba gaisuwa. Duk da haka ran Juma'a shi ke jan bencinsa ya zauna tsakanin ƙofofinmu har in dawo daga masallaci. Ranar dokar nan a gidana ya kwana da iyalinsa, yaransa suna ta yamutsa fuska kan miyar kuka. Da ba mu saba da ƙaramin faɗa da shiryawa ba, anya zai yarda ya bi ni gida a ranar?

Uwar Biyu: To ka ji. Su ma manya kan haka suke. An kafa NIREC, majalisar shugabannin Musulmi da Kiristoci ta ƙasa, tun 1999, Sarkin Musulmi da shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN ke jagorantarta tare. Ga Bishop Kukah na cocin Katolika yana garin nan tun 2011, yakan yi magana a ji haushi, a mayar masa, amma ba a daina gaisawa ba.

Baban Gawon Nama: Manya dai su sha shayi a ɗauki hoto. Yaron da ke riƙe da dutse bai san an yi ba. Ni na fi ganin aikin Imam Ashafa da Fasto Wuye na Kaduna: sun yaƙi juna a 1992, Wuye ya rasa hannu, daga baya sunka koma suna sasanta unguwanni tare. Su kam sai da sunka saɓa sannan sunka zauna.

Ɗan Mabera: Baba, ai ka kifar da karin maganar ke nan. Bari in tare dattijon nan bayan la'asar in ji wacce yake nufi, don da ganin yadda ya kaɗa kan nan, ba biko ya zo yi ba.