Rufin Bernabéu: don ruwa aka yi shi ko don rikita baƙi?

Mai gidan kallo, Mabera:
Assalamu alaikum. Jiya bayan isha'i gardama ta kaure a gidan kallona, har sai da na kashe janareta kafin jama'a su watse, shi ya sa na kawo maganar nan domin a tattauna ta cikin natsuwa. Wani ɗan Barcelona ne ya ce tun da Real Madrid ta yi wa filinta na Bernabéu rufin da ake buɗewa a kuma rufe, ba don ruwa ko sanyi take rufe shi ba, sai don ihun magoya bayanta ya taru a ciki ya ruɗa baƙi. A ganinsa wannan ƙwara ce, kuma bai kamata a rufe ba sai ranar da hadari ya haɗu.

Ɗan Barcelona, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ni ne na faɗa, kuma har yanzu ina nan a kan bakana. A watan Afrilun 2024, da za su karɓi Manchester City a Gasar Zakarun Turai, Madrid ce da kanta ta nemi UEFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, ta ba ta izinin rufewa, haka kuma aka rufe a watan Mayu ranar da Joselu ya ci Bayern Munich ƙwallo biyu dab da tashi. Duk wanda ya taɓa zama gidan kallonka lokacin da aka zura ƙwallo ya san ihu a ƙarƙashin kwano daban yake da ihu a sarari, domin ko na kusa da kai ba ka jin abin da yake faɗa. To, ina ga ɗan bayan da yake ƙoƙarin jin muryar golansa a tsakiyar mutum kusan dubu 80?

Ɗan Madrid, Gawon Nama:
Abokina, ka manta da 2022 ne? PSG da Chelsea da City duk a Bernabéu aka fitar da su, lokacin ana cikin aikin gini, sama a buɗe take, Rodrygo ya ci City biyu cikin minti biyu. Wasan farko da aka yi a rufe shi ne na Getafe a watan Satumban 2023. Wasan City da ka kafa hujja da shi kuwa 3-3 aka tashi, Bernardo Silva ya ci tun a minti na biyu, rufin bai toshe masa ido ba. A filinsu na Etihad, wanda ba a rufe shi, muka je muka fitar da su da bugun fanareti. Kowane kulob yana da abin da yake tsorata baƙo da shi a gidansa, kuma ban taɓa jin an ce Liverpool ta hana mutanenta waƙa a Anfield ba.

Ɗan Arsenal, Rijiyar Dorowa:
Ni dai shaida ɗaya zan bayar. A Afrilun 2025 an rufe mana rufin, an yi mako guda ana alwashin ramuwa, muka shiga muka ci 2-1, jimilla 5-1. Ina roƙon a ci gaba da rufewa.

Tsohon alƙalin wasa, Minanata:
'Ya'yana, ku bari in gyara abu ɗaya, domin kuna magana kamar kulob ne yake da wuƙa da nama. A ƙa'idar UEFA, wakilinta na wasan ne yake yanke hukunci bayan ya shawarci alƙali, kuma ana sanar da ƙungiyoyin biyu tun a taron da ake yi ranar wasa. Idan aka fara a rufe, ba a buɗewa ana cikin taka leda. Idan aka fara a buɗe, alƙali kaɗai ke da ikon cewa a rufe, shi ma sai yanayi ya ɓaci ƙwarai. Saboda haka mai gida roƙo yake yi, ba umarni ba.

Abin da ya fi damuna shi ne akasin abin da kuke gardama a kai. Ranar 16 ga Oktoban 2012, Polan za ta kara da Ingila a Warsaw a wasan neman gurbin Kofin Duniya, a sabon fili mai rufi. Aka bar shi a buɗe, ruwa ya kece, kuma rufin ba ya rufuwa lafiya ana tsaka da ruwa. Na ga alƙali ya fito yana jefa ƙwallo tana tsayawa cak a cikin ruwa kamar an dasa ta. Aka ɗage wasan zuwa washegari, aka tashi 1-1, magoya bayan da suka yi doguwar tafiya da yawa suka koma gida ba su ga komai ba. Ni da na riƙe usur, gara a rufe babu dalili a kan a bari a buɗe a yi irin wannan asara.

Ɗan Barcelona:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma labarin Warsaw ni ya taimaka wa, domin ya nuna aikin rufi shi ne tare ruwa. Idan duk lokacin da mai gida ya roƙa za a ba shi, to mene ne amfanin shawarar wakili? A rubuta a takarda cewa ga irin ruwa, ga irin sanyi ko zafin da za a rufe saboda shi, kowa ya sani tun kafin kakar wasa.

Malamin kimiyya, Gidan Igwai:
Ina ganin dukkanku kun ɗauka saboda ƙwallo aka kashe wannan dukiya, alhali ba ita kaɗai ba ce. Ciyawa tana son rana da iska, rufi kuma yana rage mata su. Filin Ajax da aka buɗe a Amsterdam a 1996 ya sha sauya ciyawa saboda haka, na Schalke a Jamus kuwa sai aka yi masa dabarar turo ciyawar waje ta sha rana. A Bernabéu ana rarraba ta gida-gida a sauke ƙarƙashin ƙasa, inda ake haska mata fitilu, domin a samu wurin yin bukukuwan kiɗa da sauran taruka a tara kuɗi. Abin dariyar shi ne maƙwabtan filin ne suka yi ta ƙorafin hayaniya har aka dakatar da bukukuwan a 2024, wato sautin da ake cewa an kulle a ciki yana fita waje.

Tsohon ɗan wasa, Tudun Wada:
Malam ya kawo ni inda nake jira. Mu a Sakkwato da muke da zafin da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, ina mamakin yadda muke kashe baki a kan rufin Madrid. Na taɓa buga wasan unguwa da ƙarfe huɗu na yamma a irin wannan lokaci, ƙasa tana ƙona ƙafa ta cikin but, 'yan kallo sun kifa kwali a ka, mai ruwan leda ya sayar da kayansa tun kafin hutun rabin lokaci. Ɗan gabanmu ya yanke jiki ya faɗi ba wanda ya taɓa shi, muka riƙa yi masa fifita da riga. A Kofin Duniya na 2014 an tsayar da wasan Holan da Meziko an sha ruwa saboda zafi, na 2022 kuwa an ɗauke shi ɗungurungum zuwa Nuwamba saboda zafin Katar. Mu ba rufi muke nema ba, ko a filin Giginya ko a na unguwa. A ja lokacin wasa zuwa sanyin la'asar a watannin bazara, a ba da hutun shan ruwa, a ƙara inuwa inda jama'a suke zama.

Ɗan Madrid:
Yaya, wannan gaskiya ce, ba ni da ja. Amma abokina bai amsa mini ba: idan Barcelona ce take da irin wannan rufi, zai ce a bar shi a buɗe ranar da muka je?

Ɗan Barcelona:
Zan ce a bi abin da aka rubuta, ko da ya cuce mu. Sai dai a fara rubutawa tukuna.

Mai gidan kallo:
Na gode muku. Ni nawa rufin na kwano ne, kuma da hadari ya taso daga gabas tauraron ɗan'adam yake ɗauke hoto, ko a rufe Bernabéu take ko a buɗe. Baba, ranar Laraba na ajiye maka benci na gaba kusa da fanka, su biyun kuma zan raba musu wurin zama.