Kwamfuta ta ɗauke sauti: abin da masu gyara suka ce

Da yamma a wani shagon gyara a Sakkwato aka tattauna kwamfutar da ta yi gum. Shawarar farko: duba alamar lasifika a ƙasan allo, ko an kashe ta, ko sautin ya koma HDMI, wato mahaɗin da ke kai hoto da sauti zuwa talabijin ko wani allo. Wani ya ce ƙurar hunturu kan cika ramin iyafis, sai kwamfuta ta zaci an soka wani abu. Wannan kam na gani da idona.

In duk lafiya, wataƙila matsalar direba ce, wato manhajar da ke sa na'urar sauti aiki. Buɗe Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin kwamfuta; alamar rawaya a kan na'urar sauti ce shaida. A Hardware Ids, wato lambobin shaidar na'urar da ke cikin bayananta, in ka ga VEN_10EC, na kamfanin Realtek ne. Sauko da direban daga shafin kamfanin kwamfutar, da lambar samfurin da ke ƙarƙashinta, ba shafukan talla ba. Sai ka kashe ka kunna.