Neman taimako kan hotunan Titan da Cassini ya ɗauko

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, ina aikin ƙarshen karatu kan Titan, wata mafi girma na duniyar Saturn, kuma aikin ya cije.

Ina amfani da bayanan VIMS, na'urar rarrabe haske da ke kan kumbon Cassini, wanda ya zagaya Saturn daga 2004 zuwa 2017. Kowane hotonta zubi 352 ne kamar shafukan littafi, kowane shafi da tsawon zangon haskensa, daga mikron 0.35 zuwa 5.1 (mikron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Iskar metan ta Titan na shanye mafi yawan hasken, sai ta ƴan tagogi, wato zangunan hasken da ba ta shanyewa sosai, ake hango ƙasa, kamar mikron 1.6, 2 da 5.

Ga inda na maƙale. Idan na jera hotuna biyu na yanki guda, waɗanda aka ɗauka a wucewa daban-daban, da manhajar ISIS ta sarrafa hotunan kumbo, sai layi ya fito ɓaro-ɓaro a mahaɗarsu, gefe ɗaya fes, ɗayan dishi-dishi. Na gyara kusurwar rana, abin ya ragu a mikron 5, amma a 1.6 ko gezau. Zargina hazon sararin Titan ne ke watsa hasken.

Don Allah, wa ya san yadda ake cire gudummawar hazon? Ana ɗebe ta ne daga zubin da ke gefen tagar, ko dole sai cikakken lissafin tafiyar haske? Kwamfutata ba mai ƙarfi ba ce, ku sa wannan a lissafi.