Chrono Trigger: in saya a waya ko in nemi 'yar na'urar nan ta hannu? Waɗanda suka buga ku zo

Dan_Fagge
Salam jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa buga Chrono Trigger, tsohon gem ɗin nan na Japan na 1995. Tun da Akira Toriyama ya rasu a 2024 nake ta jin labarinsa, ashe shi ya zana mutanen ciki, ni kuma tun ina yaro nake son zanen mutumin nan. Yanzu 'yan kuɗi sun shigo, dubu 40 na ware ba zan wuce haka ba. Ko dai in saya a Play Store in buga a wayata, ko in sayi 'yar na'urar nan mai kama da Game Boy da ake zubo wa tsofaffin gem a ciki. Amma ku lura, ba ni da kwamfuta, ba ni da PS, wayata ram 3 ce kuma skirin ɗinta ya tsage ta ƙasan hagu daidai inda babban yatsa yake zama, wani lokacin sai na danna sau biyu take ji. A shago nake wuni, sai bayan isha'i nake samun kamar awa ɗaya. Turancina kuma na sakandare ne, in labarin yana da nauyi ku faɗa min tun yanzu. Wanne ya fi?

Sarkin_Fad
Ka buga a kwamfuta kawai, yana nan a Steam. An gama magana.

Bazazzagi
Ɗan uwa in dai tsohon gem na Japan kake so Final Fantasy VI za ka fara da shi, 1994 ya fito, kamfani ɗaya ne, Square. Mugun cikinsa Kefka har yau ban ga irinsa ba. Chrono yana da kyau amma gajere ne, awa 20 zuwa 25 ka gama.

Dan_Fagge
Na ce ba ni da kwamfuta fa. Kuma gajeren ma shi ya fi min, awa ɗaya nake da ita a dare.

Ummi_Tudunwada
Bari in amsa maka ta wajen Turancin tunda ba wanda ya kula. Ba shi da nauyi, jimlolin gajeru ne, sai dai kwaɗon nan Frog da a tsohuwar fassarar SNES, na'urar Nintendo da gem ɗin ya fara fitowa a kanta, yake wani irin Turancin zamanin da, amma a ta waya an gyara fassarar ya dawo daidai. Ni abin da ya kama ni tun farko shi ne wajen bikin nan da ake farawa da shi. Kana yawo kana ganin wasa ne, ga abincin wani tsoho a ajiye ka danna ka cinye, ga yarinya ta ɓatar da kyanwarta ka ga dama ka nemo mata ka ga dama ka wuce, kun yi karo da wata budurwa Marle sarƙarta ta faɗi ka ruga ka ɗauki sarƙar kafin ka duba ko ta ji ciwo. Can gaba sai a gurfanar da kai a kotu a fara kiran shaidu, tsohon nan ya zo ya ce ai wannan ne ya cinye min abinci. Wallahi ajiye wayar na yi ina dariya ina jin kunya, gem ɗin 1995 fa. Kuma ba irin waɗanda kana tafiya kawai faɗa ya faɗo maka daga sama ba ne, kana ganin dodannin a hanya, wasu ma za ka iya kewaye su. Ga mai awa ɗaya ya yi daidai.

Mai_Shayi_FC
Wato har a gem ma kotu ake kai talaka saboda abinci 😂 ku bar mu da ƙwallonmu, a ci ka uku ka tashi ka ba wani fad ba shari'a ba shaidu

Habu_Rijiyar_Lemo
Dan_Fagge ina roƙonka don Allah kar ka sayi na'urar nan. Ni ne shaida. Bara na ga wani mai talla a intanet yana cewa gem dubu goma sha biyar a ciki, na tura masa dubu 52 har da kuɗin mota, kaya suka iso kwali fes. Kashi ɗaya cikin uku na gem ɗin maimaici ne, wasu da rubutun Japan ko sunansu ba ka iya karantawa, ban damu ba tunda Chrono Trigger yana ciki kuma yana tafiya sumul. Na ɗauki watanni ina bugawa a hankali, in na dawo daga aiki in kwanta a tabarma a tsakar gida, har uwargida ta haddace kiɗan tana bi. Na wuce 600 AD, na je 2300 AD inda duniya ta ƙone mutane na zaune cikin yunwa, na ɗauko Robo, na gyara takobin Masamune, na yi faɗa da Magus wanda sai da ya wahalar da ni don yana canja kariyarsa kai kuma sai ka bi irin sihirin da ya dace. Na isa masarautar Zeal da take shawagi a sama, 12,000 BC, wajen da kowa yake cewa nan ne daɗin yake. Ranar na yi sebin na kashe na kwanta. Da safe na kunna, baƙin skirin. Na sake, wani rubutu fari ya fito ya tsaya. Na kai wa mai gyara ya zare memorin ya sa a kwamfuta ya ce malam wannan katin ko suna babu a jikinsa, ya mutu, ba abin da za a ciro. Na kira mai kayan ya ce wai ruwa na bari ya taɓa shi. Ruwa a watan Maris! Na ce to ya turo min wani katin in biya rabi, ya ce zai duba, washegari ya yi bulokin ɗina. Yanzu tana nan cikin durowa yarana suna wasan waya da ita.

Ummi_Tudunwada
Innalillahi, a Zeal? Kai wannan da ciwo. Sannu Yaya Habu.

Sarkin_Fad
Dubu 52? An yanke ka oga. Ni 33 na saya wa ƙanena.

Habu_Rijiyar_Lemo
Yaushe? Kawo lambar mai sayarwar in gani.

Sarkin_Fad
An ɗan jima. Amma ko yanzu ba za ta wuce 38 ba.

Injiniya_Beirut
Ku daina faɗin farashi da ka. A kasuwa yau mai kyau ba ka samunta ƙasa da 60, ta kamfanin Anbernic ta asali ma ta haura haka nesa. Waɗanda kuke gani 30 da wani abu jabun jabu ne, kwali iri ɗaya cikin daban. Kuma matsalar Malam Habu ba ta na'ura ba ce, ta kati ce. Duk wanda ya san harkar ranar da ya saya yake kwafe komai ya mayar kan memori mai suna, SanDisk ko Samsung, ya jefar da wanda ta zo da shi. Da ka zo wajena kafin ya mutu minti 20 ne.

Habu_Rijiyar_Lemo
To ai sai a rubuta a kwalin cewa katin na kwana kaɗan ne. Mutum ya biya kuɗinsa kuma a ce laifinsa ne bai san sirrin 'yan kasuwa ba. Kuma memorin mai sunan ma a ina za ka samu na gaske, rabin na kasuwa an rubuta 64 ciki 8 ne.

Injiniya_Beirut
Ban ce laifinka ba ne. Amma kar ka hana yaro saye saboda naka ya lalace.

Bazazzagi
Injiniya tsakani da Allah ka taɓa buga gem ɗin? Ko kasuwa kake nema?

Injiniya_Beirut
Ban buga ba, ban da lokacin karanta surutun kwaɗo. Amma na'urorin nan a hannuna suke mutuwa suke tashi, wa ya fi ni sanin wadda za ta yi ƙarko?

Bazazzagi
To ai tambayar ta gem ce. Mu da muka buga tun a PS1 mu ya kamata a saurara. Na faifan nan Final Fantasy Chronicles na 2001, in ka buɗe menu sai ka jira lodin, in za a fara faɗa ka jira lodin, amma haka muka gama shi ba mu yi ƙorafi ba. Yaran yanzu komai sai an tauna musu.

Mai_Shayi_FC
Baba Bazazzagi ya fara "a zamaninmu", kowa ya nemi kujera a kawo shayi

Damagaram92
Gaisuwa daga Zinder. Ni a DS na buga, 'yar na'urar Nintendo ta hannu mai skirin biyu, da Faransanci, na wani ɗan uwana ne da ya zo da shi daga waje. A ganina duk cikinsu na DS ya fi, taswira tana skirin ɗin ƙasa faɗa yana na sama ba abin da ya rufe maka ido. A 2008 ya fito, Turai kuma sai 2009, kafin nan ba a taɓa sayar da shi a can ba shi ya sa masu Faransanci da yawa ba su san shi da wuri ba. Na waya ma daga na DS aka ɗauko yawancin ƙarin da ke ciki. Na'urar da kuke magana a nan na ga ana cewa jaka 25 na sefa, ban san nawa ya kama a naira ba yanzu. Abin da zan ce kawai in ka gama kar ka goge, akwai New Game+, za ka sake farawa da ƙarfinka, kuma ƙarshen labarin ya fi 10 ya danganta da lokacin da ka je ka tari Lavos, babban dodon labarin.

Dan_Fagge
Na gode. Amma har yanzu ba wanda ya ce min komai kan tsagaggen skirin ɗina. Za a iya bugawa da taɓawa ko sai da fad?

Ummi_Tudunwada
Faɗan ba matsala, ka sa shi a Wait yadda in kana zaɓen sihiri ko magani lokaci zai tsaya ya jira ka. Inda za ka sha wuya wajen gudu ne. Akwai inda ake bin wani ɓera a kan ƙarafa a Arris Dome sai ka kamo shi, ni da skirin ɗina lafiyayye sai da na kusa jifa da wayar. Ga tseren babur da Johnny, ga dutsen da iska take turo ka baya sai ka laɓe a bayan bishiya. Da skirin mai ji sau biyu ban ga yadda za ka yi ba gaskiya. Ka sayi ƙaramin fad na bulutut.

Sarkin_Fad
Fad dubu 8.

Injiniya_Beirut
15. Na 8 ɗin sati biyu analog ɗin ya fara tafiya da kansa.

Kwamanda_07
Gem ɗin ya yi amma ni wajen da jarumin labarin Crono ya mutu ne ya ɓata min rai

Ummi_Tudunwada
Haba Kwamanda! Mutum bai fara ba ka zo ka fasa masa ƙwai. Admin a goge wannan don Allah.

Kwamanda_07
Gem ɗin ya girme shi fa, shekara 30. Kuma ai ana dawo da shi

Habu_Rijiyar_Lemo
Ya mutu?? Ni da na tsaya a Zeal ban kai nan ba. Allah ya isa tsakanina da mai memorin nan, yau kuma ga wannan.

Mai_Shayi_FC
Yaya Habu an yi maka biyu babu 😂😂 ba gem ba labari

Dan_Fagge
Shi ke nan na ji, na ma fasa karanta na Kwamanda. To in na waya ne nawa yake? Na duba na ga kamar dala 10.

Bazazzagi
Ka jira ragi, suna yawan raba kuɗin biyu. Ni ban fi dubu 6 na biya ba.

Sarkin_Fad
Wa yake sayen gem ɗin SNES fisabilillahi, ka sauke emuleta, manhajar da ke kunna tsofaffin gem a waya, ka nemi fayil ɗin, ko mega 10 bai kai ba.

Dan_Fagge
Na fi son in biya in huta, ba na son abin da zan yi ta kokwanto a kansa.

Habu_Rijiyar_Lemo
In ka samu katin da zai biya ba. Bayan abin da ya same ni na ce bari in saya a waya in sake daga farko, katin bankina ya ƙi, na je reshe na bi layi tun safe aka ce in cike fom a buɗe min asusun dala. Saboda dala 10! Na koma wajen masu katin dala na manhaja, su kuma kuɗin buɗewa daban, kuɗin zubawa daban, canjinsu ya fi na kasuwa, na zuba na danna saye aka ce an ƙi karɓa kuma aka cire min kuɗin ƙin karɓar.

Injiniya_Beirut
Ai yanzu katin naira ya dawo yana yi a waje, ni da nawa nake biyan komai.

Ummi_Tudunwada
Naka dai. Nawa jiya ma ya ƙi, kuma sai da suka riƙe kuɗin kwana da kwanaki kafin su dawo da shi wancan karon. Ka kira layin korafi su sa maka kiɗa har katinka ya ƙare.

Damagaram92
Ku kuna da kati ma kuna kuka. Mu nan sai ka nemi wani a waje ya saya maka katin kyauta ya turo lambar, ka sa kuma a ce ba na ƙasarka ba ne.

Sarkin_Fad
Shi ya sa na ce emuleta amma kun mayar da ni ɓarawo

Kwamanda_07
Wai wane katin dala ne ba ya cirar kuɗi in an ƙi karɓa? Ina da dala 7 da ta maƙale a wani tun azumi, sun ce ba a fitar da ƙasa da 10

Habu_Rijiyar_Lemo
Nawa 4 ce da 'yan canji. Injiniya wane irin kati ne naka, Verve ko Master?