Tambaya: Taya da tub na Honda Steed mai sifok, wanne zan saya?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da Honda Steed 400, rim ɗinsa mai sifok ne gaba da baya. Tayar baya ta cinye, ta gaba kuma ta fara tsattsagewa a gefe. Wadda na samu a kasuwa an rubuta mata tubles, wato wadda aka yi don aiki ba tub. Za ta yiwu a kan rim mai sifok? Kuma tub ɗin da ke ciki bai taɓa faci ba, in mayar da shi? Yawanci Katsina zuwa Daura nake yi, wani lokaci da goyo.

Baba Makaniki:
Wa alaikumus salam. Za ta yiwu, amma dole da tub a ciki. Rim mai sifok ba ya riƙe iska, domin kowane sifok da raminsa. Abin da za ka kiyaye shi ne idan aka sa tub cikin tayar tubles zafi yana ƙaruwa, shi ya sa ake ɗaukar ƙarfin gudunta ya ragu da mataki ɗaya. Saboda haka ka nemi mai harafin H, wato kilomita 210 a awa, ko ta sauko za ta kai abin da mashin ɗinka ke buƙata.

Lambar girman tayar Steed ita ce 100/90-19 a gaba, 170/80-15 a baya. Bayan wannan lamba akwai wata ƙarama: 57 a gaba tana nufin tayar na ɗaukar kilo 230, 77 a baya kuma kilo 412. Tunda kana goyo, kada ka karɓi ƙasa da haka. Kada kuma mai shago ya ce maka 180 za ta fi kyau a ido. Taya mai faɗi a kan rim ɗin da ba nata ba takan matse ta yi tsini, abin da ke taɓa kwalta ya ragu, kuma tana iya gogar sarƙa. Ka duba akwai M/C, alamar tayar mashin, a jikin ta baya, don inci 15 na mashin da na mota ba ɗaya ba ne. Mai harafin R kafin lambar rim, radiyal ke nan, ka bar ta, ba a yi mashin ɗinka da ita ba.

Sai shekara. A gefen taya, a ƙarshen rubutun DOT, akwai lambobi huɗu. In ka ga 2322, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2022. Tayar da ta haura shekara biyar da ƙerawa, ko da zanenta na nan, robarta ta soma bushewa, balle wadda ta sha ranar Katsina a ƙofar shago. 'Yan gwanjo da yawa a nan suke faɗuwa.

Mai Faci Daura:
Alhaji, maganar mayar da tsohon tub, don Allah kada ka yi. Tub yana buɗewa da daɗewa. In aka mayar da shi cikin sabuwar taya sai ya naɗe, wurin naɗin ya riƙa gogar kansa har ya yage. Kuma fashewar tub ba irin ta tubles ba ce da iska ke fita a hankali. Lokaci guda take zubewa, ga nauyin mashin irin naka.

Girman tub ya yi daidai da na taya, an rubuta a jikinsa ko a kwalinsa. Ƙarami zai miƙe ya yi siriri, babba zai naɗe. Ka tafi kasuwa da tsohon a hannu saboda bawul: na gaba miƙaƙƙe ne, na baya a inci 15 sau da yawa mai lanƙwasa ne, wani kuma ba a tsakiya yake ba. In bawul bai dace da ramin rim ba, zai zauna a karkace ya tsinke daga gindi, kuma wannan ba ya faci.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne filaf, robar da ke kwance a kan rim tana rufe kawunan sifok. Ita ma sabuwa za a sa. Kafin a sa ta, a kankare tsatsar cikin rim da burushin ƙarfe, a shafa hannu a ji ko akwai sifok da ya leƙo. In akwai, a goge kansa. In ka ga ramin faci a cikin tub ta ɓangaren rim, to ba ƙusa ba ce, sifok ne ko tsatsa.

Wajen ɗaurawa, a tsaya a kan mai facin. A duba kibiyar da ke nuna inda taya ke juyawa. A shafa wa tub hoda, a ɗan hura masa iska har ya yi siffa kafin a cusa shi, don liba ba ta cika cizon tub mai ɗan iska ba. Bakin taya ruwan sabulu za a shafa masa, ba baƙin mai ba, mai yana cin roba. Ɗigon fenti da ke gefen taya ya zo daidai da bawul. A hura, a sace iskar gaba ɗaya, a sake hurawa, tub ya samu ya miƙe. Sannan a dubi siririn layin da ke zagaye da bakin taya, tazararsa da rim ta zama ɗaya ko'ina.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Na gode ƙwarai. Wani ya ce in sayi tub mai kauri irin na mashinan daji saboda ƙaya. Yaya kuka gani?

Oga Mai Sifiya:
Ni ban goyi bayan haka ba, Malam. Mai kaurin milimita 3 ko 4 an yi shi ne don rairayi da duwatsu, inda ake tafiya da ƙarancin iska. A kan kwalta da gudu mai tsawo zafi yake tarawa, ga nauyi da ke ɓata daidaiton ƙafa. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙayar aduwa kuma in ta huda taya, kauri ba zai hana ta isa tub ba. Ka sayi na kwalta mai kyau, na robar butil, ya fi riƙe iska.

Iska kuwa ka bi takardar da ke manne jikin mashin. Irin waɗannan galibi psi 29 ne a gaba, baya kuma ana kai ta 36 in da goyo. Da safe ake aunawa kafin a hau, da geji, ba da bugun ƙafa ba. In ka iso Daura ka ga ta hau, kada ka rage, zafi ne. Washegarin ɗaurawa ka sake aunawa, domin iskar da ta maƙale tsakanin tub da taya tana fita ta ramin bawul, sai geji ya sauka.

Baba Makaniki:
Ƙari kan na Oga: notin bawul kada a ɗaure shi tam da rim. A bar shi sama kusa da murfi. In taya ta fara zamewa a kan rim saboda ƙarancin iska, za ka ga bawul ya karkata tun bai tsinke ba. Kuma sabuwar taya tana da santsi, kilomita 150 na farko ka bi kwana a hankali.