Wa ya taɓa zuwa Machu Picchu? Ina neman shawara

Ɗan_Birni: Salam jama'a. Aiki zai kai ni Lima ta ƙasar Peru a watan Yuni, kuma in an gama zan samu kwana biyar nawa na kaina. Na daɗe ina sha'awar ganin Machu Picchu, tsohon birnin nan na kan tsauni na 'yan Inka, masu mulkin yankin kafin zuwan 'yan Sifaniya, to kwana biyar ɗin zai isa kuwa? Sannan ya zancen abinci da sallah?

Baban_Ilham: Wa alaikumus salam. Zai isa, amma kar ka yi gangancin da na yi. Lima bakin teku take, Kusko kuwa, birnin da ake bi a je Machu Picchu, tana kan tsauni wajen mita 3,400, jirgi awa ɗaya da rabi ya dire ka. Ni ina sauka na ce bari in zaga gari, wallahi benen otal kawai na hau sai ga ni zaune ina haki, kai na sarawa kamar zai tsage. Jos ɗin da muke cewa tudu fa mita 1,200 ce da 'yan kai. Daga filin jirgin Kusko ka zarce garin Ollantaytambo, ta fi ƙasa, ka kwana can, da safe ka hau jirgin ƙasa zuwa Aguas Calientes, garin da ke gindin Machu Picchu. Kusko ka bar ta sai ƙarshe, lokacin jiki ya saba.

Maman_Sadiq: Malam ka sayi tikitin shiga Machu Picchu tun yanzu ta intanet, Yuni cunkoso ake yi saboda ba ruwan sama, kuma ranar 24 ake bikin Inti Raymi, bikin rana na 'yan Inka a Kusko. Ka tafi da rigar sanyi mai kauri, daren can ya fi hunturunmu. Ni kam Sacsayhuamán, tsohuwar ganuwar da ke saman Kusko, ta fi burge ni, duwatsu manya manya 'yan Inka suka sassaƙa suka jera ba siminti ba laka, ko reza ba ta shiga tsakani, ga girgizar ƙasa ta sha rushe ginin 'yan Sifaniya amma nasu na nan.

Baban_Ilham: Na manta, akwai masallaci a Lima unguwar Magdalena del Mar, sauran tafiyar kuma ƙasaru za ka yi ta yi. Abinci ka riƙe kifi da dankali da masara, alade na da yawa sai ka riƙa tambaya. Abin shansu chicha morada kamar zoɓo take, chicha de jora ce giya. Shayin ganyen koka (wanda ake yin hodar iblis da shi) za su ba ka saboda tsaunin, amma kar ka kuskura ka sako ganyen a jaka.

Ɗan_Birni: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya bikin nan shi ma sai da tikiti?