Taurarin Dungeons & Dragons duk sun zama iri ɗaya, ina mafita?

Sabon Jagora: Salam 'yan uwa. A teburinmu na wannan wasa, inda kowane ɗan wasa ke ƙirƙiro tauraronsa jagora kuma yana tafiyar da labarin, kowa sai ya ƙirƙiro maraya mai takobi, marar fara'a. Yaya ake samun taurari masu bambancin hali?

Mai Ɗan Ludo: Wa alaikumus salam. Fara daga lambobi. Bugu na biyar na wasan, na 2014, ya ba da jerin 15, 14, 13, 12, 10, 8 da ake raba wa siffofi shida na tauraro, kamar ƙarfi da kwarjini. Yawanci ana jefa 8 ɗin inda ba za ta dami kowa ba. Ka sa kowa ya faɗi yadda rauninsa ke bayyana: mayaƙi mai 8 a kwarjini yana katse sarki tsakiyar magana.

Yaya Babba: Ƙanena, maraicin ne matsalar, domin jagora ba shi da wanda zai taɓa a dangin tauraron. Kafin zaman farko kowa ya rubuta abu uku: abin da tauraronsa ke nema, wanda ke bin sa bashi, da abin da zai sa ya ci amana. Sannan a haɗa su biyu-biyu da tsohuwar alaƙa.

Mai Ɗan Ludo: Mutanen gari kuwa, wato waɗanda jagora ke wakilta a labarin, ɗabi'a ɗaya da buƙata ɗaya sun isa. Maƙeri mai shafa gemu kafin ya faɗi farashi, yana neman ɗansa da ya ɓata. In ka cika musu tarihi, 'yan wasa ba za su riƙe ba.